Shin lambobi uku sun isa su kare saƙonnin na'urar amsa kira?

Sakatariya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar waya. A ƙaramin ofishin lauyoyin da nake aiki har yanzu muna amfani da wayar girke wadda aka haɗa da na'urar amsa kira, irin wadda take ɗaukar saƙo idan babu kowa a kusa. Shugaban ofishin mutum ne mai yawan tafiya, saboda haka ya saba kiran lambar ofis daga duk inda yake, idan na'urar ta ɗauka ta fara gaisuwa sai ya danna lambobi uku, nan take ta kunna masa saƙonnin da aka bari.

Abin da yake damuna shi ne irin maganganun da ake bari a cikinta. Mutane suna faɗin cikakken sunansu da lambar wayarsu da matsalar da ta sa suke neman lauya, kuma suna magana a sake domin sun ɗauka lauyan kaɗai ne zai ji. Idan lambobi uku ne kawai suka tsaya tsakanin waɗannan saƙonni da duk wanda ya san lambar wayarmu, wadda kuma take a rubuce a jikin allon ofis da kan kowace takarda da muke aikawa, ina ganin akwai abin dubawa.

Tambayoyina su ne: yaya wahalar gano irin wannan lamba take ga mutumin da ya ƙuduri niyyar shiga? Idan ya shiga, mene ne zai iya yi bayan sauraron saƙo? Akwai alamar da za ta nuna mini cewa an shiga? Sannan idan na canza lambar zuwa wata wadda ba ta da sauƙin tsammani, shin hakan ya wadatar? Na gode.

Tsohon Ma'aikacin Waya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Damuwarki tana kan hanya. Lambobi uku ba su isa ba, amma gajartar lambar ba ita ce babbar matsalar ba, kuma idan aka tsaya a kanta kaɗai za a yi gyara a inda ba nan ne ciwon yake ba.

Kowane madanni da ke jikin waya idan an danna shi yana fitar da sautuka biyu a haɗe, ɗaya mai kauri ɗaya mai kaifi. Wannan shi ne tsarin da ake kira DTMF, wanda kamfanin Bell ya fara fitar wa jama'a a Amurka a shekarar 1963. Lamba 1 haɗin 697 da 1209 Hz ce (Hz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti), lamba 5 kuma haɗin 770 da 1336 Hz. Na'urarki ba ta san wanda ya kira ba, ba ta tantance muryar kowa, abin da take yi kawai shi ne ta kasa kunne tana jiran waɗannan sautuka a jeren da aka koya mata. Sautukan kuma suna bin layi a fili kamar yadda magana take bi, babu wani ɓoyewa, ta yadda duk wanda ya naɗi kiran, ko ya ɗaga wata wayar da ke kan layi ɗaya da mai kiran, zai iya mayar da sautin zuwa lambobi da ƙaramar manhaja.

Rauni na farko shi ne lambar da na'urar ta zo da ita daga masana'anta. Duk na'urorin samfuri ɗaya sukan fito da lamba iri ɗaya, an buga ta a littafin bayanin da ke cikin kwali, kuma waɗannan littattafai suna nan a intanet kyauta ga mai so. Wasu tsofaffin samfura ma lambar a kafe take, an manna ta a takarda a ƙarƙashin na'urar, babu yadda za a yi a canza ta. Mutumin da bai naɗi gaisuwarsa da muryarsa ba, ya bar muryar da na'urar ta zo da ita, ya riga ya faɗa wa mai kunnen sani wane kamfani ne ya ƙera ta, daga nan kuma neman lambar masana'anta aikin minti biyu ne.

Rauni na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muni, shi ne na'urar ba ta riƙe lissafin kuskure. Masu dama-dama a cikinsu sukan katse kiran idan an yi kuskure sau biyu ko uku, amma da zarar an sake kira sai su fara daga farko kamar ba a taɓa yin komai ba. Ba sa kulle kansu, ba sa jinkirta amsa, ba sa sanar da mai su. Kwatanta wannan da katin banki, wanda lambarsa huɗu ce kacal amma yana da ƙarfi domin ana toshe shi bayan kuskure uku. Ƙarfin gajeriyar lamba yana zuwa ne daga iyakar da aka sa wa mai gwaji, kuma wannan iyaka ce na'urar amsa kira ba ta da ita.

Rauni na uku shi ne wasu na'urorin ba sa raba gwaji ɗaya da wani. Suna sauraron duk lambobin da ake dannawa a jere, kowane lokaci suna duba ukun ƙarshe, idan sun dace sai su buɗe, ba ruwansu da abin da ya gabata. Na bar wa masu lissafi su bayyana abin da wannan yake haifarwa, domin sun fi ni iya faɗinsa.

Game da abin da mai kutse zai iya yi, duk abin da shugabanki yake iya yi daga nesa shi ma zai iya. Zai saurari saƙonni sababbi da tsofaffi, zai goge su, zai kashe na'urar ko ya kunna ta, kuma a samfura da yawa zai canza gaisuwar da masu kira suke ji. Ki yi tunanin gaisuwar ofishin lauya da aka mayar tana cewa ofis ya canza lamba, a kira wata lamba dabam. Akwai kuma samfuran da suke da damar sauraron ɗaki: idan an danna wani madanni bayan an shiga, na'urar takan buɗe makirufonta ta bar mai kira ya ji abin da ake faɗa a kusa da ita na ɗan lokaci. An yi wannan ne domin mai gida ya ji lafiyar gidansa idan ya yi nisa, amma a ofishin lauya kunne ne da aka ajiye a kan tebur. Ki duba littafin na'urarku a kan wannan kafin komai.

Alamar shiga kuwa kaɗan ce, kuma ba abin dogaro ba ce. Saƙon da aka saurara daga nesa yakan daina ƙirguwa cikin sababbi, fitilar da ke ƙyaftawa ta tsaya, saboda haka idan kin iso da safe kin tarar da saƙon da ba ki taɓa ji ba amma yana cikin tsofaffi, kuma shugabanki ya ce bai kira ba, to wani ya rigaye ku. Haka nan idan kina yawan samun saƙonnin da babu magana a cikinsu sai ƙarar madannai, wani ne yake gwaji.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Tunda Baba ya miƙo mana batun rauni na uku, bari in ɗora daga nan.

Lamba mai gurbi uku tana da fuska 1,000, daga 000 zuwa 999. Wanda zai gwada su ɗaya bayan ɗaya, kowace da gurbinta uku, yana buƙatar danna madanni sau 3,000 kafin ya ƙare su duka. Amma idan na'urar tana duba ukun ƙarshe ne kawai, lissafin ya canza gaba ɗaya. A ɗauka an danna 1, 2, 3, 4, 5 a jere. Dannawa biyar ce, amma na'urar ta ji 123, ta ji 234, ta ji 345, wato gwaji uku. Daga dannawa ta uku zuwa gaba, kowace dannawa guda sabon gwaji ne cikakke.

Sai tambaya ta zama: akwai jeren da za a shirya wanda kowace lamba mai gurbi uku za ta fito a cikinsa sau ɗaya tak, ba maimaici? Akwai, kuma ana kiransa jeren de Bruijn, da sunan masanin lissafi ɗan ƙasar Holan, Nicolaas de Bruijn, wanda ya yi rubutu a kansa a 1946. (Wani Bafaranshe mai suna Flye Sainte-Marie ya riga shi warware matsalar ga alamomi biyu tun 1894, amma sunan de Bruijn ne ya bi abin.) Tsawon jeren ga gurbi uku shi ne 1,002 maimakon 3,000. Ga gurbi biyu, wanda tsofaffin na'urori da yawa suke da shi, tsawon 101 ne maimakon 200. Ga gurbi huɗu kuma 10,003 ne maimakon 40,000.

Yanzu a mayar da wannan zuwa lokaci. Kwamfuta ce za ta fitar da sautukan, ba yatsa ba, kuma ko an ɗauka sau biyar kawai take dannawa a daƙiƙa, wanda ba gudu ba ne, jeren gurbi biyu zai ƙare cikin kusan daƙiƙa 20, na gurbi uku cikin minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, na gurbi huɗu cikin ɗan abin da ya haura rabin awa. Wannan idan lambar ta faɗo a ƙarshen jeren ke nan. A tsaka-tsaki rabin wannan lokaci ya isa. Ko da na'urar tana katse kira bayan minti ɗaya ko biyu, sai a yanka jeren gida-gida a ci gaba daga inda aka tsaya. Ba na'urar waya kaɗai ke da wannan ciwo ba: a 2015 mai binciken tsaro Samy Kamkar ya nuna yadda wannan dabara take buɗe ƙofofin garejin da suke amfani da kafaffiyar lamba cikin ƙasa da daƙiƙa 10.

To idan na'urar ba ta da wannan rauni fa, tana raba gwaji kuma tana katsewa bayan kuskure uku? Lambobi 1,000 a gwaji uku kowane kira suna buƙatar kira 334. Idan kowane kira ya ci minti ɗaya, ƙasa da awa shida ke nan, wato dare ɗaya da ofis yake rufe. Gurbi huɗu yana kai abin zuwa kira 3,334, kwana biyu da 'yan awanni, wanda hutun ƙarshen mako ya kusa ɗauka. Ƙara gurbi yana ninka wahala sau goma, amma ninkin abin da yake ƙarami tun asali ne.

Duk wannan lissafi kuma ya ɗauka cewa an zaɓi lambar ne kamar da ƙuri'a, alhali mutane ba haka suke zaɓa ba. A 2012 wani mai nazarin alƙaluma, Nick Berry, ya duba lambobin sirri masu gurbi huɗu kimanin miliyan 3.4 da suka fallasa, ya tarar kusan kashi 11 cikin 100 nasu 1234 ne, kuma lambobi 20 da aka fi zaɓa sun tashi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jimlar. Mai kutse da ya san aikinsa ba daga 000 yake farawa ba. Yana farawa da lambar masana'anta, sai 123 da 111 da 'yan uwansu, sai ƙarshen lambar wayar kanta, sai lambar ginin da ofis yake.

Malama, za ki iya gwada taku da kanki, tunda na'urar ofishinku ce, amma ki sanar da shugabanki tukuna. Ki kira daga wata waya, idan gaisuwa ta fara ki danna lambobi biyu ko uku na banza, ki bi su da lambar gaskiya ba tare da tsayawa ba. Idan ta buɗe, tana da rauni na uku. Sai ki sake kira ki yi kuskure da gangan har ta katse, ki kira nan take ki sa lambar gaskiya. Idan ta karɓa, ba ta riƙe lissafi.

Mai Ja da Magana ya rubuta:

Ban musanta lissafin Malam ba, amma ina ganin an ɗan kai abin nesa. Wane ne zai zauna ya shirya kwamfuta da jeren masana lissafi domin ya ji saƙon ƙaramin ofis? Mai irin wannan ƙwarewa yana da wuraren da suka fi wannan riba.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wanda zai saurari saƙon ofishin lauya mutum ne da yake da dalili: ma'aikacin da aka sallama kuma ba a canza lambar ba bayan tafiyarsa, ko abokin shari'a da yake son sanin wanda yake neman lauyan, ko wanda ya taɓa tsayawa kusa da shugaban yana kallon yatsunsa. Irin waɗannan ba sa buƙatar de Bruijn. Shugaban da yake kira daga wayar otal ko ta wani ofis yana barin lambar a baya, domin wayoyi da yawa suna nuna duk abin da aka danna a fuskarsu, wasu kuma suna ajiye shi a ma'adanar sake kira, lambar ofis da lambar sirri a layi ɗaya. Wanda ya ɗauki wayar bayansa ya danna madannin sake kira ya ga komai.

Saboda haka ni shawarata ba ta da tsada. A canza lambar masana'anta, a riƙa canza ta duk lokacin da wani ya bar aiki, kada a rubuta ta a takarda a manna kusa da waya, shugaban ya riƙa kira daga wayarsa ta hannu kaɗai, a kuma riƙa goge saƙo da zarar an rubuta abin da ke cikinsa. Na'urar da babu komai a cikinta ba ta da abin da za a sata. Wannan ya rufe yawancin ƙofofin da ake shiga ta cikinsu a zahiri.

Sakatariya ta rubuta:

Na gode muku duka. Na yi gwajin da Malam ya bayyana da izinin shugabana. Na'urarmu ba ta buɗe ba da na sa lambobin banza a gaba, saboda haka rauni na uku bai shafe mu ba. Amma bayan ta katse ni saboda kuskure, na sake kira nan take ta karɓi lambar ba tare da wani jinkiri ba, kuma babu abin da ta nuna a fuskarta game da kuskuren da aka yi. Littafinta ya tabbatar da cewa gurbi uku ne iyakarta, kuma tana da damar sauraron ɗaki.

Shugabana ba zai yarda a hana shi jin saƙo idan yana kan hanya ba, domin aikinsa ya dogara da hakan. Ya kawo shawarar mu ajiye na'urar mu koma akwatin saƙon murya na kamfanin waya, tunda shi a wajen kamfani yake kuma lambarsa ta fi tsawo. Shin wannan ya fi aminci, ko canjin wuri ne kawai?

Mai Bibiyar Tsaron Sadarwa ta rubuta:

'Yar'uwa, akwatin kamfani zai iya fin na'urar aminci, amma da sharaɗi, kuma tarihinsa ya isa ya sa mutum ya yi tambayoyi kafin ya koma.

Babban misali shi ne abin da ya faru a Birtaniya. A watan Agustan 2006 'yan sanda suka kama Clive Goodman, editan labaran gidan sarauta na jaridar News of the World, tare da wani mai binciken ƙwaƙwaf da jaridar take biya, Glenn Mulcaire, bisa sauraron saƙonnin muryar ma'aikatan fadar sarauta, aka kuma ɗaure su a watan Janairun 2007. Daga baya ta bayyana cewa abin ya shafi mutane masu yawan gaske, har ta kai aka rufe jaridar a watan Yulin 2011 bayan shekara 168 tana fitowa, aka kuma kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin alƙali Leveson. Abin lura a nan shi ne hanyar da aka bi ba ta da wata ƙwarewa. Ana kiran wayar mutum lokacin da ba zai ɗauka ba, idan akwatin ya amsa sai a gwada lambar da kamfani yake ba kowa tun farko, wadda yawancin mutane ba su ma san suna da ita ba balle su canza. Inda aka canza, sai a kira ma'aikatan kamfanin a yaudare su su mayar da lambar ta asali. Wannan yana goyon bayan Malam Mai Ja da Magana ta fuska ɗaya, cewa mai dalili ne yake shiga kuma ta hanya mafi sauƙi.

Inda na saɓa masa shi ne a maganarsa cewa babu baƙon da zai damu da ƙaramin ofis. Akwai masu kiran dubban lambobi da kwamfuta ba tare da sun san mai lambar ba, kuma ba saƙon suke nema ba. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta daɗe tana gargaɗi a kan wata damfara inda ake shiga akwatin saƙo a canza gaisuwa zuwa muryar da take amsa cewa ta yarda ta biya kuɗin kira, sannan a riƙa yin kiran ƙasashen waje irin wanda wanda aka kira ne yake biya, mai layin kuma sai dai ya ga takardar kuɗi. A tsarin wayar ofisoshi kuma, akwatin da yake da damar tura kira waje ana mayar da shi gada ta kiran lambobi masu tsada.

Sabon hatsarin da ya fi waɗannan shi ne akwatin saƙo ya zama mabuɗin wasu asusun. Manhajoji da dama idan suna son tabbatar da lambar waya sukan ba da zaɓin a kira mutum a karanta masa lambar tabbatarwa da murya. Idan mai kutse ya nemi wannan kira da tsakar dare, ba wanda zai ɗauka, muryar sai ta zube cikin akwatin saƙo, shi kuma ya shiga ya ɗauka. Mai binciken tsaro Martin Vigo ya nuna wannan a DEF CON, taron masana tsaron kwamfuta, na 2018 a Las Vegas, kuma a 2019 'yan sandan tarayyar Burazil suka kama mutanen da suka shiga asusun Telegram na manyan jami'ai, ciki har da ministan shari'a na lokacin, Sérgio Moro, ta wannan hanya. A can masu kutsen ba su ma nemi lambar sirri ba. Sun sa kiransu ya bayyana kamar daga lambar mai akwatin yake fitowa, tsarin kuma yana buɗe wa mai lamba ba tare da tambaya ba. Wannan ya shafi wayar girke ma, domin WhatsApp Business yana karɓar rajista da lambar girke ta hanyar kiran murya, kuma na'urar da ke kan tebur za ta naɗi wannan kira kamar kowane saƙo.

Saboda haka kafin ku koma, ku tambayi kamfanin abubuwa huɗu. Shin yana kulle akwatin bayan kuskure kaɗan, kuma kullewar tana nan ko an sake kira? Shin ana iya tilasta neman lambar sirri kowane lokaci, ko da kiran daga layin ofis ya fito? Gurbi nawa ne iyakar lambar, kuma yana ƙin karɓar masu sauƙi? Sannan wace shaida ma'aikatansa suke nema kafin su canza wa mutum lamba ta waya? Idan amsoshin sun gamsar, akwatin ya fi na'urarku nesa ba kusa ba, musamman da yake ba shi da makirufo a ɗakinku. Akwai kuma tsarin da yake tura saƙon murya zuwa imel a matsayin fayil, wanda yake ba da damar a rufe shiga ta waya baki ɗaya, shugabanki ya ji saƙonsa ta asusun da yake da doguwar kalmar sirri da tabbatarwa mataki biyu. A ganina wannan ne ya fi dacewa da buƙatarsa.

Tsohon Ma'aikacin Waya ya rubuta:

Na yarda da Malama Mai Bibiyar Tsaron Sadarwa a kan tura saƙo zuwa imel. Amma tunda canji yakan ɗauki lokaci, ga abin da za a yi da na'urar kafin a sauke ta.

Damar sauraron ɗaki ita ce ta fi gaggawa. Idan littafin ya nuna yadda ake kashe ta, a kashe; idan bai nuna ba, a fitar da na'urar daga ɗakin da ake ganawa da mutane a kai ta inda ba a magana. Sannan a duba saitin yawan ƙarar da waya take yi kafin na'urar ta ɗauka. Da yawa suna da tsarin rage wa mai su kuɗin kira, inda sukan ɗauka bayan ƙara biyu idan akwai sabon saƙo, bayan ƙara huɗu idan babu. Wannan yana gaya wa kowane mai kira, ba tare da wata lamba ba, ko akwai saƙon da ba a ji ba, kuma idan ta yi kwanaki tana ɗauka a ƙara biyu ya san babu wanda yake duba ofis. A mayar da shi ƙayyadadden adadi.

Kada kuma a ɗauka cewa kashe na'urar da madanninta ya rufe ƙofa, domin samfura da yawa idan an bar waya ta yi ta ƙara sukan ɗauka duk da haka su nemi lambar sirri, an yi hakan ne domin wanda ya manta bai kunna ba ya kunna daga nesa. Cire igiyar layi daga jikinta ne kaɗai yake raba ta da masu kira.

Abu na ƙarshe da ya kamata ki gwada shi ne wutar lantarki. Bayan kin canza lambar, ki zare na'urar daga wuta na 'yan mintuna, ki mayar, sannan ki kira ki sa lambar masana'anta. Wasu samfuran suna riƙe saitinsu ne da ƙaramin batir da ke cikinsu, idan batirin ya mutu kuma wuta ta ɗauke sai su koma lambar da suka zo da ita, ba tare da sun nuna komai ba sai agogo da yake ƙyaftawa. Idan taku tana cikinsu, ki canza batirin, kuma duk ranar da kika ga agogon ya rikice ki sake sa lambar kafin ki fara aiki.